Daga Tukunyar Tururi Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ɗakin Injin Jirgin Ruwa da Mutanensa

Gabatarwa

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Injamena yana iya tsufa bai taɓa ganin teku ba, amma da wuya ya wuni bai taɓa wani abu da aka ɗauko ta teku ba. Shinkafar da ke kasuwa, da babur ɗin da ke bakin titi, da wayar da ke aljihu, galibinsu sun sauka ne a tashoshin Kwatano ko Lome ko Tema ko Duwala, kafin manyan motoci su hauro da su arewa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna jiragen ruwa ne ke ɗaukar su. A cikin kowane jirgi kuwa akwai wasu mutane da fasinja ba ya gani, ɗan kasuwa bai san da su ba. Suna can ƙasa, a ɗakin inji, inda zafi da ƙara ba su yankewa dare da rana.

Ita kanta kalmar jirgi tana ɗauke da tarihi. Asalinta abin da ake shiga a ƙetare kogi ne, irin wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace. Da aka shimfiɗa dogo sai aka ce jirgin ƙasa, da aka ga mai tashi sai aka ce jirgin sama, shi kuma na asalin sai ya zama dole a ƙara masa "na ruwa" don a bambanta shi da ƙannensa. Wannan rubutu ya bi tarihin abin da ke tura jirgin ruwa, da kuma mutanen da ke kula da shi. Dalilin bin tarihin shi ne wani ƙorafi da aka saba ji daga tsofaffin injiniyoyin da suka ajiye aiki, cewa injiniyan yau allon kwamfuta ya sani, bai san inji ba. Domin a auna gaskiyar wannan magana, sai an koma mafari.

Zamanin Tururi

Injin tururi bai fara aiki a kan ruwa ba. A shekarar 1712 Thomas Newcomen ya kafa injin da ke kwashe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai a Ingila. Injin yana da cin kwal ƙwarai, saboda a kowane bugu sai an sanyaya silindar sannan a sake zafafa ta. James Watt ne ya gyara wannan, ya ware wani mazubi na daban inda tururi ke hucewa ya koma ruwa, silinda kuma ta zauna da zafinta. Ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1769. Daga nan inji ya rage ci, har aka fara tunanin a ɗora shi a kan jirgi. A 1807 Robert Fulton ya fara jigilar fasinja da jirgin tururi a kogin Hudson na Amurka, a 1838 kuma jiragen Sirius da Great Western suka ƙetare tekun Atalantika da ƙarfin tururi.

Jiragen farko da wasu manyan ƙafafu masu faifai suke tafiya, waɗanda ke dukan ruwa a gefe. Daga baya aka koma ga farfela, wadda ke nutse a bayan jirgi. Babbar matsalar wancan lokaci ita ce gishiri. Ruwan teku ake zubawa a tukunya, in ya tafasa tururi ya tashi sai gishirin ya zauna, ya yi ɓawo a jikin ƙarfe. Dole injiniya ya riƙa auna gishirin yana zubar da wani kaso na ruwan zafi lokaci lokaci, in kuwa ya yi sakaci tukunya na iya ƙonewa ko ta fashe. Ke nan tun ranar farko aikin injiniyan jirgi aikin lura ne.

Albarka a Kogin Kwara

Afirka ta Yamma ta shiga wannan tarihi da wuri. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin Kwara har inda ya faɗa teku, suka warware tambayar da ta daɗe tana damun Turawa. Shekara biyu bayan haka wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya shirya jiragen tururi biyu don su hau kogin. Ɗaya aka sa masa suna Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, wato albarka, kalmar da Turawan suka tsinta a bakin Hausawa. Alburkah ɗan ƙaramin jirgi ne, amma da ƙarfe aka ƙera gangar jikinsa, kuma ana lissafa shi cikin jiragen ƙarfe na farko da suka yi doguwar tafiya a teku. Tafiyar dai ba ta yi albarkar ba. Daga Turawa 48 da suka fita, 9 kawai suka tsira, mafi yawa zazzaɓi ya kashe su.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da wasu jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan. Cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther da James Frederick Schön, wanda ɗaliban Hausa suka sani, domin bayan wannan tafiya ne ya wallafa littafin kalmomin Hausa a 1843 da nahawunta a 1862. Zazzaɓi ya sake yin ɓarna, ya kashe Turawa fiye da 40. Jirgin Albert ya kai har Egga a ƙasar Nufe, sannan ya juyo, a lokacin kuwa kyaftin na kwance, injiniyoyin ma duk ciwo ya kayar da su. Sai likitan jirgin, McWilliam, ya karɓi tuƙi, shi kuma William Stanger, masanin duwatsu, ya buɗe littafin Tredgold a kan injin tururi, yana karantawa yana sarrafa injin. Haka suka gangaro har suka gamu da jirgin John Beecroft mai suna Ethiope, wanda ya taimaka musu suka fita teku. Labarin ya nuna cewa injin wancan zamani a buɗe yake. Mai hankali yana iya duban sandunan da ke motsi, ya gwada su da zanen da ke littafi, ya gane me ke tura me.

A 1854 William Balfour Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, ya sa kowa shan kwinin kullum, ya dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daga nan kogin ya buɗe wa jiragen tururi. Lakwaja ta zama mahaɗa, Burutu ta zama mashigar jiragen kogi, itacen bakin gaɓa kuma ya zama makamashi. Ta kogi aka hauro da ƙarafan dogo zuwa Baro, inda aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911. Garwa ta ƙasar Kamaru ita ma ta zama tashar jiragen ruwa, ko da yake sai a ƴan watannin tsakiyar damina, lokacin da Binuwai ya cika, jirage ke isa can su sauke gishiri da siminti, su ɗauki gyaɗa da auduga.

Kwal da Guminsa

Abin da ya hana jirgin tururi korar jirgin iska da wuri shi ne yawan kwal da yake ci. In tafiya ta yi nisa, sai kwal ya cinye wurin kaya. Mafita ta zo a matakai. Da farko aka sami hanyar mayar da tururin da ya gama aiki ya koma ruwa mai tsabta, a sake zuba shi a tukunya, aka huta da gishiri, aka kuma sami damar ƙara matsin tururi. Sannan a 1854 John Elder da Charles Randolph na Glasgow suka sa wa jirgi injin da tururi ke aiki sau biyu a cikinsa, ya tura ƙaramar silinda, ya wuce ya tura babba. A 1881 jirgin Aberdeen ya fito da inji mai silinda uku a jere, wanda ya zama abin koyi har tsawon shekaru sittin. A Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurka ta ƙera jiragen kaya 2,710 da ake kira Liberty, wannan tsohon inji aka zaɓa musu, saboda yana da sauƙin ƙira, kuma wanda bai daɗe da koyo ba yana iya riƙe shi. Shi kuwa John Elder ɗan'uwa ne ga Alexander Elder, wanda sunansa ke cikin Elder Dempster, kamfanin da ya mamaye jigila tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma.

Duk wannan ci gaba a kan gumin masu zuba kwal ya tsaya. Titanic, wanda ya nutse a 1912, yana da tukwanen tururi 29, yana cin kwal kimanin tan 600 a rana, kuma da shebur ake zuba shi duka. A jiragen da ke zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma, irin wannan aiki galibi mutanen Kru na gaɓar Laberiya da mazauna Freetown ne ke yinsa, daga baya aka riƙa ɗaukar ƴan Nijeriya a Legas. Baƙar fata na iya shekara ashirin a gaban wuta, ya san numfashin tukunya sarai, amma muƙamin injiniya na Bature ne. A daren da Titanic ya nutse injiniyoyinsa sun tsaya a ƙasa suna riƙe wutar lantarki da famfunan kwashe ruwa, babu ko ɗaya daga cikin hafsoshinsu da ya tsira. An gina musu abin tunawa a Southampton, kuma har yau ma'aikatan ɗakin inji na ambaton su in ana zancen riƙon amana.

Zuwan Dizal

A 1897 aka ga abubuwa biyu. Charles Parsons ya kutsa da ɗan jirginsa Turbinia cikin faretin jiragen yaƙin Ingila, yana gudun da babu mai kamo shi, da injin da tururi ke juya fukafukai a cikinsa. A wannan shekarar kuma Rudolf Diesel na Jamus ya gwada injinsa da ya yi nasara. Dabarar Diesel ita ce a matse iska a silinda har ta yi zafin da in aka fesa mata mai zai kama da kansa. Ba tukunya, ba kwal, ba shebur. Injinsa na farko da ya yi nasara ya mayar da kimanin kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki, abin da ya ninka na injin tururin zamaninsa.

A 1912 kamfanin Burmeister & Wain na birnin Kwapanhagan ya ƙera Selandia, babban jirgin teku mai injin dizal, wanda ya ba mutane mamaki don ba shi da bututun hayaƙi irin wanda aka saba gani. A 1921 Elder Dempster ya sa jirgin Aba a hanyar Afirka ta Yamma, ana kuma lissafa shi a matsayin babban jirgin fasinja na farko mai injin dizal. Tsofaffin injiniyoyin tururi ba su yi murna ba. Injinsu a fili yake aiki, a hankali, suna ganin kowane sanda suna shafa kowane maƙali. Dizal kuwa a rufe yake, ga ƙara ga wari. Ƙorafin da ake ji a yau game da kwamfuta, irinsa aka yi game da dizal shekara ɗari da suka wuce.

Babban injin dizal na jirgin kaya bai yi kama da na mota ba sai a asalin dabara. Tsayinsa ya kai na bene mai hawa uku ko huɗu, mutum na iya shiga cikin silindarsa ya tsaya. Yana juyawa kimanin sau 100 a minti, a haɗe kai tsaye da farfela, babu giya a tsakani. Da matsattsiyar iska ake tayar da shi, in kuma ana son jirgi ya ja da baya, sai a tsayar da injin a sake tayar da shi ta ɗaya hannun. Man da yake sha kuwa shi ne gurɓin da ya rage bayan an tace fetur da kananzir, mai kauri kamar kwalta, wanda sai an dafa shi ya wuce zafin tafasar ruwa, an kuma tace shi, kafin ya fesu.

Ƴancin Kai da Jiragen Ƙasa

Ƙasashen da suka sami ƴancin kai sun ɗauki jirgin ruwa a matsayin alamar ƴanci, kamar tuta da kuɗi. A 1957 Ghana ta kafa Black Star Line da haɗin gwiwar kamfanin Zim na Isra'ila, a 1958 kuma ta buɗe kwalejin koyon aikin jirgin ruwa, wadda ta zama ta yanki a 1983, ta kuma zama jami'a a 2007. Ghana da Kamaru da Gambiya da Laberiya da Saliyo ne suka haɗu suka mayar da ita ta yanki, tana Nungua kusa da Accra. Ƙasashe masu amfani da Faransanci suna da tasu makarantar a Abijan. Nijeriya ta kafa nata kamfanin, Nigerian National Shipping Line, a 1959, ta sa wa jiragen farko sunayen manyan mutanen tarihi, har da Dan Fodio da El Kanemi da King Jaja da Oduduwa. A wannan shekarar ce ma'aikata ƴan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Liverpool saboda wariyar da suka ce hafsoshin Turawa na nuna musu, lamarin da ya sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike.

A wannan zamani ne aka sami rukunin farko mai yawa na injiniyoyin jirgin ruwa ƴan Afirka ta Yamma. Samari ne da suka fito daga makarantun sana'a, suka yi shekaru a maƙera da tashoshin gyaran jirage, suka hau teku a matsayin ƙananan injiniyoyi, suka ci jarrabawa mataki mataki har wasunsu suka zama manyan injiniyoyi. Amma kamfanonin ba su daɗe ba. Bashi da rashin kyakkyawan riƙo da tsufan jirage sun kassara su, ga shi kuma duniya ta koma kwantena alhali galibin jiragensu na kayan zube ne. An rufe kamfanin Nijeriya a 1995, na Ghana ma bai ga ƙarshen shekarun 1990 ba. Injiniyoyin suka watsu, wasu suka koma jiragen ƙasashen waje, wasu kamfanonin mai da tashoshin lantarki, wasu kuma gida. Su ne tsofaffin da ake jin ƙorafinsu a yau.

Ilimin Kunne da Hannu

Domin a fahimci abin da suke kewa, sai a dubi yadda aikin yake. A tsarin da aka gada daga Ingila, ana raba yini zuwa gadi na awa huɗu huɗu. Injiniya na biyu yana riƙe ƙarfe 4 zuwa 8, na huɗu 8 zuwa 12, na uku 12 zuwa 4, safe da dare, babban injiniya kuma yana bisa kowa. Mai karɓar gadi ba ya zama. Tun daga sama yake farawa, ya duba launin hayaƙi, ya gangaro hawa hawa. Yana ɗora bayan hannu a kan murfin maƙali ya ji ko zafinsa ya wuce na jiya. Yana kafa bakin sukurdireba a jikin famfo, ya manna ƙotar a kunne, ya saurari abin da ke gudana a ciki. Yana shaƙar iska ko zai ji ƙaurin waya ko warin man da ya yi zafi. In ya ga ruwa a ƙasa yakan ɗanɗana, domin in da gishiri, to daga teku yake shigowa.

Suna da na'urorin awo su ma, sai dai na hannu ne. Akwai wata da ta samo asali tun zamanin Watt, mai fensir da ƴar ganga da aka naɗa wa takarda. In aka ɗaura ta a kan silinda sai ta zana yadda matsi ke hawa da sauka a ciki, injiniya kuma ya karanta zanen, ya gane ko mai na shiga da wuri, ko bawul na yoyo, ko zoben fistin ya ci. In ana son sanin ratar da ke tsakanin sanda da maƙalinsa, sai a shimfiɗa siririyar wayar darma, a ɗaure, a kwance, a auna kaurin da ta koma. In maƙali bai zauna daidai ba, sai a shafa wa sandan shuɗin launi, a juya, a duba inda ya taɓa, a kankare wurin da hannu, a sake gwadawa, wani lokaci har wuni guda. A tsakiyar teku babu kanti. Abin da ya karye, in babu madadinsa a ma'aji, sai a ƙera shi a kan injin gurza ƙarfe da ke cikin jirgin.

Irin wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Yaro yana samunsa ne ta bin babba, kamar yadda ɗan maƙeri ke sanin zafin ƙarfe daga launinsa tun kafin a bar shi ya riƙe guduma. Yanayin aikin ma ya taimaka. Jirgin kayan zube yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a tasha ana sauke buhuna da hannu, a nan ne ake buɗe inji, a zaro fistin, ƙananan injiniyoyi su ga cikinsa da idonsu.

Ɗakin da Babu Kowa

Abubuwa biyu suka sauya wannan rayuwa. Na farko kwantena. A watan Afrilun 1956 jirgin Ideal X na Malcom McLean ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da akwatunan ƙarfe 58. Cikin shekaru kaɗan zaman tasha ya ragu daga makonni zuwa awoyi, lokacin buɗe inji a natse ya tafi. Na biyu sarrafa inji daga nesa. A 1961 Japan ta fito da Kinkasan Maru, wanda ake iya sarrafa babban injinsa daga ɗakin tuƙi, ana kuma lura da shi daga wani ɗaki na musamman. Ba a daɗe ba aka amince jirgi ya kwana babu kowa a ɗakin inji. Na'urori ke gadi, in wani abu ya kauce sai ƙararrawa ta tashi mai jiran aiki a ɗakin kwanansa.

A 2001 aka fara amfani da manyan injunan da babu sandan da ke tsara lokacin fesa mai a jikinsu. Kwamfuta ce ke yanke lokacin da mai zai shiga da lokacin da bawul zai buɗe. Jirgin Emma Maersk na 2006, mai tsawon mita 397, yana da irin wannan inji mai silinda 14, faɗin kowace santimita 96, ƙarfinsa kimanin kilowat 80,000. An tsara jirgin yadda mutum 13 za su iya tafiyar da shi, alhali jirgin kaya na shekarun 1950, wanda bai kai rubu'insa ba, yakan ɗauki mutum 40 ko fiye.

Auna Ƙorafin

Akwai gaskiya a maganar tsofaffin. Injiniyan da kwamfuta ta gaya wa cewa wani allon lantarki ya mutu, ba zai iya gyara shi a cikin jirgi ba. Cire shi zai yi ya sa sabo, in babu sabo ya jira wakilin kamfanin da ya ƙera. Ilimin ya tashi daga cikin jirgi ya koma ofishin maƙera, kuma wannan ya fi ciwo ga ƙasashen da ba su ƙera komai. Stanger ya ceci jirgi da littafi ɗaya a 1841, amma ba a sayar da littafin da ke bayyana abin da ke cikin kwamfutar injin yau. Bakaniken mota a Yamai ko Kumasi ya san wannan ciwo, tun da aka fara kawo masa motocin da ba su faɗin cutarsu sai an jona musu na'ura. Haka kuma mutum ashirin ba za su iya koyar da yara kamar yadda mutum arba'in ke yi ba.

Sai dai kewa takan manta da wasu abubuwa. Tsohon ɗakin inji ya kurmantar da mutane da yawa, audugar asbestos da ake naɗe bututu da ita kuma ta lalata huhun wasu. A 1947 injunan jirgin Reina del Pacifico suka yi bindiga a kusa da Belfast, mutum 28 suka mutu. Wani sashe ne ya yi zafi a cikin rufaffen inji, ya mayar da mai hazo, hazon ya kama. Bayan hannu ba ya kaiwa can. Irin wannan hatsari ne ya sa aka wajabta ƙofofin rage matsi a jikin injin, aka kuma ƙirƙiro na'urar da ke shaƙar hazon mai ta yi gargaɗi kafin wuta ta tashi. Injin yau yana mayar da kusan rabin ƙarfin mai zuwa aiki. Dokokin hayaƙi ma sun tsananta, domin tun 2020 an rage farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100, kuma kiyaye irin waɗannan dokoki na bukatar awon da kunne ba ya iyawa.

Wani hatsari na kusa ya haɗa ɓangarorin biyu. A ranar 26 ga Maris 2024 wutar lantarki ta ɗauke a jirgin kwantena mai suna Dali yana fita daga tashar Baltimore ta Amurka. Da wuta ta ɗauke sai famfunan da injin ke dogara da su suka tsaya, injin ma ya tsaya, jirgin ya daki ginshiƙin gadar Francis Scott Key, gadar ta rushe, ma'aikatan gyaran hanya 6 suka rasu. Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka ya gano cewa mafarin abin waya ɗaya ce da ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Tsohon injiniya zai ce wannan ita ce maganarsa, abin da ba a zagaya aka duba ba shi ke kayar da jirgi. Matashi kuma zai amsa cewa cikin dubban wayoyi, hannu da kunne ba za su gano mai sako-sako ba, sai kyamarar da ke ganin zafi. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, domin kyamarar ma sai an sami mai haƙurin ɗaukarta ya bi akwatunan wuta ɗaya bayan ɗaya.

Kammalawa

Dokokin duniya sun yi ƙoƙarin riƙe ilimin biyu. Yarjejeniyar horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta 1978, wadda aka yi wa babban gyara a 1995 da 2010, har yanzu tana bukatar ɗalibin injiniya ya yi aikin hannu a maƙera ya kuma yi watanni yana gadi a ɗakin inji, gyaran 2010 kuma ya ƙara muƙamin hafsan lantarki da na'urori. Ga shi yanzu an fara ƙera jirage masu shan iskar gas da methanol, abin da ke nufin injiniyan da ya ƙware a yau shi ma wata rana zai ji an wuce shi, kamar yadda na tururi ya ji a 1921.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen da kansu. Waɗanda suka shiga Black Star Line da kamfanin Nijeriya suna samari a shekarun 1960 yanzu sun haura tamanin, kuma kaɗan ne daga abin da suka sani aka rubuta. Haka ma matuƙa da makanikan jiragen Kwara da Binuwai, waɗanda suka san mashigin kowane yashi daga Burutu zuwa Garwa. Ga ɗalibin Hausa akwai aiki a nan. Kalmomi irin su inji da fistin da bawul da farfela da sufana sun shigo harshen ne ta bakin masu aikin hannu, a tashoshin jirage da garejoji da zangonnin garuruwan gaɓa, kuma tarihin shigowarsu yana wurin tsofaffin da suka fara furta su. Wanda ya ɗauki na'urar naɗar murya ya zauna da ɗaya daga cikinsu a Tema ko Lakwaja ko Garwa, zai dawo da kalmomin, ya kuma dawo da bayanin yadda ake gane ciwon inji daga ƙararsa.